Babur ɗin da Ba Ya Ɗaukar Sallahu

Ina da shekara hamsin da bakwai na sayi babur irin na samari, ja wur, wanda sai mutum ya kwanta a kan tanki yake iya tuƙa shi. Har yau akwai waɗanda ba su yafe mini ba, tun daga unguwarmu a Damagaram har ƙauyukan da ke bayan Garagumsa. Ni ma ban nemi yafiyar kowa ba.

Kafin shi, abin hawana wani ƙaton baƙin babur ne da na saya a gwanjo tun ina aikin malamin gona. Yana da gilashi a gaba mai tare iska, da akwatunan ƙarfe biyu dama da hagu, da ƙarfen ɗaure kaya a baya. Zama ake yi a kansa daram, baya a miƙe, kamar mutum yana kujerar biro, wato ofis. Na je Difa da shi, na je Agadas, Maraɗi kuwa ban san adadi ba, kuma ban taɓa sauka ina dafe da ƙugu ba. Ƴan unguwa suka sa masa suna Raƙumi, saboda duk abin da aka ɗora masa ba ya gardama.

Wannan rashin gardamar ce ta ja mini. Kowace Asabar ina zuwa gaida mahaifiyata a ƙauyenmu, can bayan Garagumsa, inda take zaune da ƙanwata. Duk mai dangi a kan wannan hanya ya san haka. Tun yammacin Juma'a zaurena yake cika da sallahu: ƙullin goro zuwa Tirmini, ɗinki zuwa Takeita, maganin hawan jini, wayar da aka gyara, kwanon sha, tabarmar amarya, wata rana har da ƙyauren taga. Shugaban masu sallahu kuwa kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda gidansa ke bayan nawa. Shi ne yake zama a dakalina yana tsara wa mutane layi, kai ka ce tashar mota ya buɗe. "Kawo, kawo," yake cewa, "ai ɗan yayata bai san a'a ba."

Wanda bai taɓa kai sallahu ƙauye ba zai zaci miƙawa ake yi a wuce. Ba a miƙa amanar mutum daga kan sirdi. Sai ka sauka, ka yi sallama, ka tuɓe takalmi, a gaisa, a tambayi mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya har da wanda ya rasu bara. A kawo ruwa, a dama fura. In mai kayan yana gona, a aika a kira shi, don hannunsa aka ce. Idan ka miƙe za ka tafi, sai a fito maka da wani ƙullin, wai tunda gaba za ka yi, ka ajiye wa wance a gari na gaba. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba sai ta cinye mini yini. In bar gida da hantsi, in yi azahar a Takeita, in shiga garinmu bayan la'asar.

Ba zan yi ƙarya ba, shekaru da yawa abin yana yi mini daɗi. Ina son yadda ake jiyo ƙarar Raƙumi a fito bakin hanya, ina son albarkar da tsofaffi suke sa mini. Da ba don abin da ya sami Inna ba, da har yau ina nan ina shan furar mutane.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce, mai kara ta gaske. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da aka yaye ni kakata ce ta ɗauke ni. In na shiga gaishe ta, sai ta ja mayafi ta juya fuska wajen danga, ta amsa a taƙaice, sauran maganar ta bi ta kan ƙanwata. "Ki ce wa wancan ya ci abinci." "Ki tambayi wancan ya ya baro yaran." Ni ne wancan. Ƴaƴana da suka yi lakwal, wato boko, suna ganin abin kamar ƙiyayya. Ni da na tashi a ciki na san duk garin nan babu wanda take juya wa fuska sai ni, kuma ban taɓa son a raba ni da wannan matsayi ba.

Wata Asabar na iso bayan la'asar kamar kullum, na yi sallama na durƙusa. Sai Inna ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, ta washe baki.

"Maraba da baƙo! Daga ina?"

Na dubi ƙanwata, ta sunkuyar da kai. Na ce daga Damagaram. Inna ta kama hannuna da hannu biyu, ta ce a shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta ce ai tana da ɗa a Damagaram, mai babban moto, wato babur, ko na san shi? Ta yi ta hira. Ranar na fara sanin tana da wushirya.

A soro ƙanwata ta faɗa mini abin da ta jima tana ɓoyewa. Gigin tsufa ne ya fara taɓa Inna. Da safe garau take, ta san kowa, har ta san akuyar da ba ta dawo ba. Rana na karkatawa sai abubuwa su fara kuɓuce mata. "Amma Yaya," in ji ta, "ai kai gaba ta kai ka. Shekara nawa kana zuwa ba ta dube ka ba? Yau ga shi har da riƙe hannu."

Mako biyu na farko ni ma na so in yarda da haka. A na uku na fito daga ɗakin zuciyata tana ƙuna. Fara'ar da take yi mini ita ce take yi wa mai tallar gishiri. Ina zaune a gabanta tana ba ni labarin ɗanta da ya daina zuwa, tana neman masa uzuri, wai aiki ne ya yi masa yawa. A wurinta wata da watanni ban taka garin ba. Wannan ne ya hana ni sukuni.

Na gwada kwana. Da safe ta tashi da abin da ta kwanta da shi, ta ce, "Baƙonmu ya tashi lafiya?" In ta fara ganina da yamma, a baƙo take riƙe ni har in tafi. Na yi tunanin in riƙa sauka gidan maƙwabci in ɓuya sai gari ya waye, sai na ji raina ya ƙi. Ba zan yi ɓuya a garin ubana kamar ɓarawo ba saboda kwanon shan wani.

Na gwada sammako. Kawu ya tare ni a ƙofar masallaci da ƙulli uku. Na ce to, zan riƙa ajiye kayan a dawowa. Ashe wuce mutum da kayansa a bayanka, yana tsaye bakin kwalta yana ɗaga maka hannu, ya fi ƙin ɗauka zama cin fuska. Sai da aka yi mini aike har gida a kan haka. Na kwance akwatunan ƙarfen na jefa a ɗaki. Juma'a na zagayowa kowa ya zo da robarsa ta ɗaure kaya.

Mai karatu zai ce, to ka faɗa musu gaskiya mana. Na faɗa wa mutum ɗaya, kawu, tunda yayarsa ce. Ya ce in rufe masa baki, lafiyarta ƙalau, duk zuriyarsu babu mai wannan ciwo. Sauran mutane kuwa ba zan tsaya a dakali ina tallar tsufan uwata ba don a ba ni izinin zuwa wurinta da wuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ana cikin haka na kai Raƙumi juyen mai, na tarar da jan babur ɗin a jingine a garejin makanikena. Na wani ɗan Alhaji ne da ubansa ya rantse sai an sayar. Siriri ne ta ƙugu, hanci a ƙasa, gindi a sama, kujerar bayansa ba ta fi tafin hannuna ba. Na yi ta zagaya shi.

"Malam, wannan ba naka ba ne," in ji makaniken. "Na yara ne masu neman karaya. Ko leda ba ta da wurin zama a kansa."

Na ce, "Me ka ce?"

"Na ce ko leda ba za ka iya ɗaurawa ba."

A ranar aka yi ciniki. Na bar masa Raƙumi, na ce ya sauke injin ya duba shi a tsanake, kada ya yi gaggawa. Duk wanda ya san makanikai ya san ba sai an maimaita musu wannan ba.

Ranar da na fara hawansa da babbar riga na hau. Ban kai ƙarshen layinmu ba iska ta cika rigar, hulata ta yi nata wuri. Uwargidana tana ƙofa tana dariya har da riƙe ciki. Dole na koma wando da ƴar riga mai kauri da hular kwano. Tumbina ya kwanta a kan tanki, gwiwoyina suka naɗe, nauyina duka ya sauka a wuyan hannu, ga wuya a ɗage kamar na mai leƙen katanga. Raƙumi lallaba shi ake yi ya tashi. Wannan kuwa ka ɗan murɗa kaɗan sai ya nemi ya fice daga ƙarƙashinka. Ƴan unguwa ba su ɓata lokaci ba, suka sa masa Zanzaro.

Yammacin Juma'a masu sallahu suka taru kamar yadda aka saba. Kawu ya zagaya Zanzaro sau biyu da roba a hannu yana neman inda zai maƙala. Ya taɓa nan, ya taɓa can.

"Ina na kirkin?"

"Yana gyara, Kawu."

"To wannan a ina ake ɗaura kaya?"

"Ba a ɗaurawa."

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan ƴan tsaki. Da furfurarka? To kawo jaka a zuba, ka goya a baya."

Nan ne dabarata ta ƙare. Na zaci babur zai yi mini maganar, ashe sai na buɗe bakina. Na ce, "Kawu, ba zan goya ba. Daga yau ranar Asabar ba na ɗaukar sallahun kowa." Ban kuma janye ba. Kawu ya naɗe robarsa ya sa a aljihu, ya ce ashe ɗan yayarsa ya zama nasara bai sani ba. Kowa ya ɗauki ƙullinsa.

Gari na fara haske na kama hanya. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ni da nake yi wa samari faɗan ganganci, sai ga ni kwance a kan tanki, itatuwa suna wucewa ta gefen ido. A shingen jandarma na cire hular kwano, jami'in ya ga farin gemu, ya riƙe takarduna yana kallona ya ma manta bai buɗe ba. A Tirmini wasu suka ɗaga hannu. Ko na so amsawa ba hali, wannan babur ba a sakar masa hannu. Da na sauka daga kwalta na shiga yashi sai ya nuna mini shi ɗan birni ne. Tayarsa sumul take, ta yi ta wutsil-wutsil, sau biyu yana kayar da ni a gonar mutane. Ƙarshe tura shi na yi, ina haki, bayana kamar an sassara.

Na shiga gida mata ba su gama dawowa daga rijiya ba. Inna tana zaune a tabarma inda rana ta fara sauka, da kwanon kunu a gabanta. Na yi sallama na durƙusa. Ta ɗago, ta dube ni sau ɗaya. Sai ta ja mayafi ta juya fuska wajen danga.

"Ki tambayi wancan," ta ce wa ƙanwata, "a ina ya baro rigarsa, yake yawo kamar ɗan dako?"

Wata bakwai rabona da ganin wannan ƙeyar. Ina durƙushe da yashi a gemu, hawaye suna zuba, ina murna kamar an yi mini bushara. Ta ce a tambayi wancan me ya hana shi zuwa tun kaka. Ta ce a ba wancan kunu, a sa masa tsamiya da yawa, haka yake so. Ban taɓa sanin ta san haka ba.

Abin bai zo mini kyauta ba. A masallacin unguwa aka koma ba ni hannu da yatsu biyu. Aka yi suna gida uku daga nawa, aka raba goro aka tsallake ƙofata. Uwargidana ta je biki ta dawo ba ta ci komai ba saboda habaici. Waɗannan ko a jikina. Wanda ya dame ni shi ne wani tsoho a Tirmini da na shekara shida ina kai wa maganin hawan jini. Sau biyu ina hango shi a bakin hanya da sandarsa, ina wucewa. Na nema masa direban da zai riƙa kai masa, amma na san direba ta taga yake miƙawa, ba ya zama a gaisa. Na cuci wannan tsoho, na sani, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi.

Da kawu ya ga habaici bai karya ni ba, sai ya hau mota takanas ya je ya kai ƙarata, kuma ya yi sa'a ya same ta da safe. Asabar ta gaba Inna ta juya wajen danga ta yanke hukunci. "Ki ce wa wancan, gidanmu ba a wuce mutane. Ya koma kan baƙin."

Maganar uwa ce, cikin hankalinta ta faɗe ta. Na sa aka ɗaura injin Raƙumi. Da na zauna a kansa bayana har ajiyar zuciya ya yi, don gaskiya babu abin hawan da ya kai shi daɗi a doguwar tafiya. Zaurena ya cika, kawu ya dawo dakali yana ba da umarni. Na sha fura a gari biyar, na iso bayan la'asar. Inna ta washe baki ta yi wa baƙo maraba, ta kuma ba shi labarin ɗanta da bai zo ba yau, ta wuni tana sauraren ƙofa.

A hanyar dawowa na yanke shawarar saɓa mata. Ban taɓa yi ba tun ina yaro. Na mayar da Raƙumi na tafiyar Maraɗi da zuwa ta'aziyya, duk mai sallahu ya tare ni a waɗannan ranaku in Allah ya kawo su. Asabar kuwa ta Zanzaro ce. Kowane mako Inna ta juya fuska ta sa a yi wa wancan faɗa a kan jan moto, kowane mako in ce to, in sha kununa. Faɗan da kansa nake zuwa ji.

Haka muka yi shekara guda da wani abu. Sai safiyar ta fara guntulewa. Da tana kaiwa azahar garau, ta koma hantsi, ta koma ɗan lokacin shan kunu. Na riƙa fita da wuri, ina ƙara murɗawa, har makanikena ya ce in ji tsoron Allah. Na koyi yashin nan, na daina faɗuwa. Wata rana in samu rabin awa, wata rana in samu gaisuwa kawai kafin ta juyo ta fara yi mini murmushi.

Wata Asabar bayan an yanke gero na iso rana ko gama fitowa ba ta yi ba. Ban taɓa yin sauri irin na ranar ba. Na durƙusa na yi gaisuwa. Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da dubana.

"Maraba da baƙo. Sammako haka? Daga ina?"

Ƙanwata ta ajiye muciya ta shige ɗaki. Na ce daga Damagaram, Inna.

"Alhamdu lillahi. To ina da sallahu, in ba za ka ji nauyi ba." Ta matso ta rage murya. "Ina da ɗa a can, shi ne babba. An ce ya sayi wani moto mai gudun tsiya saboda ni, mutane suna ta zaginsa. Ka ce masa na yafe masa zuwan. Ya zauna gida, kada hanya ta cinye mini shi. Ni ban iya faɗa masa ba, ka san ɗan fari."

Na ce, "Zan faɗa masa, Inna. Amma ba ya jin magana."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ashe ka san shi!"

Da zan tafi ƙanwata ta rako ni soro, idonta jawur. Ta ce, "Yaya, yanzu kam sai ka huta. Safe da yamma duk sun zama ɗaya. Ka koma kan Raƙumi, ka shirya da Kawu, ka ji da bayanka."

Na ce mata ta dama kunu da wuri ranar Asabar, ta sa tsamiya. Ban san abin da ya rage a kan Inna ba, likita ma bai sani ba. Amma ko safiya ɗaya ce ta rage mata a ajiye, ba za ta zo ta tarar ina Takeita ina shan furar wani ba.